Katakon Ƙofar Maigandi

Hantsi ne, ruwan da aka wayi gari da shi bai daɗe da ɗaukewa ba, rana ta fito sama-sama, ƙasa tana ta tururi. Malam Maigandi ya jawo ƙafarsa ta hagu har bakin sabuwar ƙofar gidansa, ya dogara sanda, ya tsaya yana kallon katakon da aka gitta a kan lambatu.

Katakon siriri ne, ga shi ya sha ruwa ya yi santsi. Lambatun kuwa zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum, ruwa yana gudu a ciki da ledoji da ɓawon rake. Daga can tsallake ga sabon titi baƙi ƙirin, ga filin ajiye motoci na makarantar sakandare an shafe shi da kankare, an ja masa farin layi. Tsoho ya ɗora sandar a kan katakon ya danna. Katakon ya lanƙwasa, ya dawo.

"Abbas!" ya kira babban ɗansa. "Kai Abbas!"

Abbas ya leƙo daga cikin shago, hannunsa riƙe da ledar ruwan fiya wata. Shagon nan jikin ƙofar yake, bango ɗaya ya raba su.

"Baba, an tashi lahiya? Ina kuma za ka da wanga santsi?"

"Waje za ni. In sha iska, in ga mutane. Likita ya ce in riƙa takawa."

"To ka taka tsakar gida mana. Ai duk takawa ce."

"Tsakar gidan da tac cika da ruwa? Ni dai ka sa a jawo min murhin simintin can na bakin shago, a aza shi nan kan lambatu. Ko ka buɗe min ƙohwar zaure in bi ta ciki."

Abbas ya yi 'yar dariya irin wadda ake yi wa ƙaramin yaro. "Baba, murhin gwamnati ne. Inda sunka aza shi ba a taɓawa, kamu ake. Kuma ko an ce a ɗauka, wa ka iya ɗaga shi? Sai mota mai ƙugiya. Ka yi haƙuri, in an kwana biyu za ni sa a zuba maka naka."

Wata mota ta yi hon a gaban shagon, Abbas ya koma ciki da sauri. Tsoho ya ƙara tsayawa jim, sannan ya juya.

Da aka fara aikin hanyar nan babu wanda ya kai Maigandi murna a unguwarmu. Da can, in damina ta sauka, motocin iyayen yara kafewa suke yi a taɓo, 'yan kabu-kabu su ƙi shigowa, ɗalibai su riƙa ɗage wando suna tsallake kududdufi. Shi kuwa yana zaune a kan dakalin zaurensa yana ganin komai. Har ruwan sha ya riƙa aika wa leburori. Da 'yan kwangila suka gama, sai suka bi gida-gida suna ɗora murfin siminti ɗaya a bakin kowace ƙofa don a riƙa tsallake lambatu. Na gidan Maigandi aka ɗora shi a bakin zaure, inda ya dace.

Sai Abbas ya lura da yadda motoci ke cika filin nan safe da rana, iyaye da direbobi suna zaune suna jiran a tashi yara, ga ƙishi ga zafi. Ranar da aka kai tsohon asibiti duba ƙafarsa da ta ɗan shanye, kafin a dawo da shi magina sun toshe ƙofar zaure ta ciki da bulo, an fasa dakali, an jera kanta, an sa firiza. Aka huda wata ƙaramar ƙofa a gefe don mutanen gida, aka gitta mata katako. Abbas ya sa aka rubuta BA SHIGA a jikinta da baƙin fenti, don matarsa Nazifa ba ta fita.

Wanda ya san gidan Bahaushe ya san abin da aka yi wa tsohon nan. Zaure shi ne inda maigida ke ganin baƙinsa. Namiji baƙo ba ya wuce nan, ko da ya tsufa, sai an yi masa iso. Yanzu babu zaure. Shi ba ya iya fita, su kuma ba su iya shiga.

Ranar Juma'a da ta zagayo, Arzika ya iso daga Argungu kamar yadda ya saba. Tsohon masunci ne, abokin Maigandi tun suna samari. Kowace Juma'a yakan shigo motar haya da ƙunshin bandar kifi a hammata, su yi sallah tare, su zauna a zaure har la'asar suna yi wa juna ba'a. Ya tsaya bakin titi yana dube-dube, ya rasa inda zai yi sallama. Maigandi da ke raɓe a bakin ƙaramar ƙofa tun safe, sanye da farar riga, shi ya fara hango shi.

"Kai, mai ƙarnin kihi! Ga ni nan!"

"Af! Manomin fadama, kai ne anka mayar amarya? Ina jin har lalle sunka sa maka."

"Rufa min baki. Kai da ko kwalta ba ka iya takawa sai laka."

"Ni da na shiga gulbin Argungu da ƙwarya tun kana tsoron kwaɗo? Taho mu tahi, liman ba ya jiranmu."

Maigandi ya nuna masa katakon da haɓa. Arzika ya duba, ya duba ƙafar abokinsa, dariyar ta ɗan ragu a fuskarsa. Ya leƙa shago. Abbas ya riga ya rufe ya wuce masallaci a kan babur ɗinsa.

"Miƙo min kan sandar," in ji Arzika. "Ni in riƙe nan, kai ka riƙe can. Kada ka dubi ƙasa, ni za ka duba. Ko da yake ban da kyan kallo."

Maigandi ya yi bisimilla ya ɗora ƙafar dama. Ya jawo ta hagu. Ya ƙara ɗaga ta dama. A tsakiyar katakon ƙafar hagun ta ƙi biyowa, ta goce, sandar ta kuɓuce masa. Sai ji aka yi tim. Daidai lokacin aka buɗe ƙofar makaranta, ɗalibai suka yo waje. Wasu suka yi salati, wasu suka tsaya kallo, wani ma ya ɗaga waya. Direbobi biyu ne suka sauka cikin lambatun suka ciccibo shi, farar rigar ta koma baƙa, gwiwarsa tana jini. Suka shigar da shi cikin gida ba tare da sun nemi iso ba. Arzika ya tsaya a waje riƙe da sandar.

Da Abbas ya dawo ya ji labari, bai shiga ya ga mahaifinsa ba tukuna. Kan Arzika ya fara sauka.

"Baba Arzika, da girmanka! Kashe shi kaz zo yi? Mutum shina zaune lahiya cikin gida nai, ka jawo shi ka jeha cikin lambatu gaban 'yan makaranta. Yanzu mi mutane za su ce da ni?"

"Ɗana, masallaci za mu. Da murhin nan shina nan…"

"Mai lalura sallarsa a gida ta yi. Ka tambayi kowane malami a garin ga. Allah bai ɗora masa ba, kai kad ɗora masa."

Arzika ya miƙa masa sandar. "To, ga sanda tai, ka kai mishi."

"Riƙe ta wurinka. In ya gan ta gobe ma hita za shi yi."

Washegari aka sa kwaɗo a ƙaramar ƙofa. Mabuɗin yana aljihun Abbas. Ya ce don lafiyar Baba ne.

Ɗakin da aka mayar da Maigandi yana can ƙuryar gida, kusa da turken tumaki. Tun da aka ɗaga titi ya fi gidan tudu, duk ruwan da ya sauka a filin motoci ya cika lambatu, nan yake kwararowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya bi tsakar gida, ya taru a bakin ɗakin tsoho. Bango ya jiƙe har rabi. Tabarma ta fara warin ruma. Ba sanda, sai ya riƙa bin bango da tafin hannu in zai kewaya. Daga baya bin bangon ma ya gagara, sai Nazifa ta ajiye masa wani tsohon bokiti a bayan ƙyaure.

Nazifa ba muguwa ba ce. Tana kawo masa kunu da ɗumi, tana wanke masa kaya, in ta shigo takan durƙusa ta gaishe shi. Wata rana da rana ya ce mata, "Ɗiyata, in kin ga mijinki shina cikin daɗin rai, ki yi mishi maganar ƙohwar nan. Ko kujera ce a aje min bakin ƙohwa in riƙa ganin titi."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, na hwaɗa mishi. Cewa ya yi ba ruwan mata da maganar. In na matsa sai ya ce ni ka zuga ka. Ni kaina nan nike, ban san kalar titin ba."

Bai ƙara yi mata maganar ba.

Ƙanen Abbas, Izzuddeen, ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune da iyalinsa a cikin gari. Ya zo wata Lahadi da yamma, ya ajiye motarsa a filin makaranta, ya tsallake katakon da tsalle ɗaya yana kare takalminsa. Ya kawo lemon kwalba da magungunan ƙarin jini. Bai zauna a tabarmar ba, tsugunawa ya yi a bakin ƙofa.

"Baba, unguwarku ta zama birni fa! Da can ina zan iya kawo mota nan? Yanzu har inda za ka aje ta an tanada."

"Izzuddini, ka dubi ɗakin ga."

Ya ɗaga kai ya dubi bango. "Kai, lallai akwai sanyi. Laihin 'yan kwangila ne, ba su auna tudun gidaje ba. Za ni yi magana da wani abokina a ma'aikata."

"Ba ma'aikata nike so ba. Murhi nike so a bakin ƙohwa, da sandata. Ko ka ɗauke ni in kwana biyu wurinka, in ga rana."

Izzuddeen ya sosa ƙeya. "Ka san gidan haya ne, Baba, ga bene, ƙafarka ba ta hawa. Kuma Yaya Abbas shi ne babba, in na sa baki cikin sha'anin gidan ga sai ya ga kamar na raina shi. Shagon ma ai don ku ne, da shi ake cin abinci. Ka ƙara haƙuri, damina ta kusa wucewa."

Wayarsa ta yi ƙara, ya miƙe yana amsawa, ya ɗaga wa tsoho hannu daga tsakar gida. Lemon ya daɗe a jingine da bango ba a buɗe ba.

Abin da ya rage wa Maigandi na duniyar waje sai ƙara. Da safe ya ji motoci suna shigowa, ƙofofi suna bugawa, yara suna gudu. Da rana ya ji hon, da muryar Abbas yana kiran "mai sanyi, mai sanyi." In an kira sallah ya yi taimama a jikin bango, inda ya ɗan bushe, ya yi a zaune. Tari ya kama shi, irin mai fitowa daga can cikin ƙirji. Gwiwar da ta fashe ta warke, amma ƙafar ta sandare a lanƙwashe, ba ta miƙuwa.

Arzika bai fasa zuwa ba. Kowace Juma'a zai sauka daga mota, sandar abokinsa a hannu, ƙunshin kifi a hammata, ya tsaya gaban shago ya yi sallama.

"Shina barci," Abbas zai ce, ba tare da ya bar abin da yake yi ba.

"To in jira shi ya tashi."

"Likita ya ce a rage mishi hayaniya."

"Ka yi min iso in leƙa shi kawai. Ni tsoho ne, Abbas. Da anka haihe ka, ni na kawo itacen wankan jego."

"Gidan da iyali, Baba Arzika. Ka san ƙa'ida."

Sai ya ajiye kifin a kan kanta, ya tsallaka ya zauna a gindin katangar makaranta yana kallon ƙaramar ƙofa. Wani lokaci maigadin makarantar ya tashe shi, ya ce nan wurin juyawar motoci ne. Sau ɗaya Arzika ya ɗaga murya ya kira sunan Maigandi ta saman katanga, amma lokacin tashin makaranta ne, hon ya cinye kiran.

Wata Juma'a da yamma Nazifa ta kai wa tsoho tuwon shinkafa da miyar kuka. Ya kai loma ɗaya ya tsaya. Ya tsamo wani ɗan guntun kifi, ya kai hanci.

"Arzika ya zo?"

Nazifa ta dubi ƙofa. Abbas yana tsakar gida yana alwala, yana jin su.

"Kasuwa anka sawo, Baba," ta ce a hankali.

"Kasuwa." Ya juya kifin a yatsunsa. "Babu mai banda da ƙaiƙayin shinkahwa sai shi. Tun muna yara nike ce mishi ƙauri yake, shi ko ya ce hancina ne ya lalace." Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Abbas! Arzika na zuwa, ko?"

Abbas ya ƙaraso yana yarfe ruwan hannu. "Yakan biyo. Ni nac ce ya bari sai ka ji sauƙi."

"Sauƙin mi? Ina za ni samo shi a nan? Gidan ga ni na gina shi, Abbas. Ni na kwaɓa ƙasar zauren nan da ƙahwata, wagga da tam mutu. Ban ce ka rushe shago ba. Ban ce ka ba ni komi ba. Ƙohwa nike roƙo, a gidana."

"Baba, kana sa ni cikin bakin mutane. Cinka, shanka, maganinka, wa ka yi? Mutum nawa ne cikin garin ga sunka samu haka? Wallahi duk don kai nike yi. Bari damina ta ɗauke, da kaina za ni kira magini."

Tari ya sarƙe tsohon. Abbas ya tsaya har tarin ya lafa, ya ce "sannu," ya fita sallar magariba. Aka ji ƙarar kwaɗo.

Daga ranar Maigandi bai sake roƙon kowa ba. In an kawo abinci ya taɓa kaɗan. In Juma'a ta zo yakan ce Nazifa ta ɗauko masa farar rigar, ya sa, ya zauna yana fuskantar ƙofa har a sauko daga masallaci, sannan ya cire.

Damina ta ɗauke, aka fara yankan shinkafa a fadama. Magini bai zo ba. Ranar wata Asabar da hantsi Nazifa ta shiga da kunu, ta fito da gudu ba kofin.

Nan da nan unguwa ta cika. Aka yi masa wanka, aka sa shi a makara. Da aka zo fita sai masu ɗauka suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, don mutum huɗu da makara ba za su bi ta kan katako ba. Abbas, idonsa jawur, ya dubi samarin da ke tsaye.

"Ku jawo murhin can mana! Mi kuke jira?"

Wani ya kawo ƙarfen haƙa, wani ya kawo guntun bututu. Suka zura, suka ce "ya Allah," suka tura. Kafin liman ya gama gyara rawaninsa murfin ya zauna daram a bakin ƙaramar ƙofa. Ba a kira mota mai ƙugiya ba. Ba wanda ya zo kamu. Aka fito da Maigandi a kansa salin-alin, ko girgiza makarar ba ta yi ba.

Da yake babu zaure kuma ba ranar karatu ba ce, a filin ajiye motoci aka kafa rumfa aka shimfiɗa tabarmi, nan aka yi zaman makoki. Izzuddeen yana karɓar gaisuwa yana cewa, "Allah ya sa ma akwai wurin nan, da ina za mu sa jama'a?" Mutane suna ta yaba yadda 'ya'yan suka riƙe mahaifinsu har ƙarshe, ba su bari ko ƙofar gida ya fita ya wahala ba.

Arzika bai samu labari ba sai washegari. Ya iso ranar Litinin da safe, ba kifi a hammatarsa, sai sandar. Ya tarar an naɗe rumfa don an koma makaranta, motoci sun fara shigowa. Samarin nan kuma suna tura murfin suna mayar da shi gaban shago. Ya tsaya yana kallonsu har suka gama, suka kakkaɓe hannu, ɗaya ya ɗauko katakon ya sake gitta shi a inda yake.

"Ashe yana ɗaguwa," ya ce.

Abbas ya fito daga cikin gida da sauri, waya a kunne, mabuɗan shago a hannu, yana gaya wa mai kawo ƙanƙara ya hanzarta. A tsakiyar katakon ya yi tuntuɓe, ya yi tangal-tangal, ya dira a titi da ƙafa ɗaya. Takalminsa na hagu ya faɗa cikin lambatu. Ya tsaya yana leƙawa, ƙafa a ɗage, bai bar maganar wayar ba.

Arzika ya matso. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zura sandar Maigandi ya saƙalo takalmin ta maɗauri. Ya buga shi a gefen kwalta, laka ta zube, ya ajiye masa a gaban ƙafa.

Abbas ya zura ƙafarsa. "I, buhu biyu, ka kawo yanzu kahin a yi tara," ya ce wa wayar, ya wuce ya buɗe shago.

Arzika ya goge bakin sandar da gefen rigarsa, ya dogara ta, ya bi gefen sabon titi ya nufi inda ake shiga motar Argungu.